Wayar Yaya ta shekara 6 a hannunta, ga yadda aka yi muka sauya ta

Wayar da zan ba da labarinta ta yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ne autansu. Tana aure a cikin birni nan Zariya, sana'arta kuma aikin hannu na babbar riga, amma ba wai ita kaɗai ke zama da allura ba, ita ce ke karɓo aiki wajen masu kaya ta rarraba wa matan unguwa kowacce ta yi nata a ɗakinta, in an gama ta haɗa ta ɗauki hoto ta tura wa mai shi a Kano ko Kaduna ko Abuja, ya duba ya ce ya yi, ya turo kuɗi, a ba direba a Kwangila ya tafi da kaya. Ba ta da shago ba ta da allo a ƙofar gida. Duk wani awo, duk wani bashi, wa aka ba aska takwas wa aka ba aska biyu, wa ya biya rabi wa ya ce sai ƙarshen wata, duk suna cikin WhatsApp, yawanci ma a murya aka aiko su ba a rubuce ba. To kun ga in wayar nan ta yi tari gidan gaba ɗaya ne ke mura.

Maigidanta ne ya sayo mata a unguwar PZ nan Zariya a 2019, a kwali, kuɗinta bai wuce dubu arba'in da 'yan kai ba, lokacin dala tana wajen naira 360. Ba sai na faɗi sunan kamfanin ba don ba laifinsu ba ne, waya ta yi iya yinta. Android 9 ce, RAM 2GB, memori 32GB, bakin cajinta irin tsohon nan da sai ka duba sama da ƙasa kafin ka soka. A lokacin babbar waya ce wallahi, har aron ta ake yi a ɗauki hoton suna. Da ita aka ci kullen korona na 2020, da ita aka yi wahalar haɗa layi da NIN, ba ta taɓa ba ta ciwon kai ba sai da ta shiga shekara ta huɗu.

Matsala ta farko batir ne, kuma ta zo a mafi munin lokaci, farkon 2023 da aka canza kuɗi takardar naira ta ɓace kowa ya koma tiransifa, har mai kayan miya. Waya tana nuna 40 sai kawai ta ɗauke. A soka caji ta nuna 15, bayan minti kaɗan ta ce 70. Ga wutar unguwarsu ba tabbas, sai a aiki yaro ya kai ta wajen mai caji da janareta, ta wuni can, masu kaya suna ta kira a kashe. Ni kuma da na zo na gani nan take na yanke hukunci na ce, "Yaya wayar nan ta gama yawo, ki haƙura ki sayi sabuwa." Ta kalle ni ta ce, "Kai auta, wayan nan bai mini komai ba, batir ne kawai, kai mini shi a duba." Haka na karɓa ina ƙunƙuni na hau keke napep zuwa Sabon Gari.

Mai gyaran da na kai wa bai ma buɗe ta ba tukuna, ya ɗora ta a kan gilashin teburinsa ya murza ta da yatsa, sai ga ta tana juyawa kamar katantanwa. Ya ce, "Malam ka gani ko, bayanta ya taso, batirin ya kumbura, ka ce wa Hajiya ta gode Allah bai kama da wuta ba." Da ya ɓalle murfin kuwa ga shi nan ya yi tumbi. Na tambaye shi dalili ya ce zafi da yawan caji, kuma gaskiya ya faɗa. Irin batirin da ke cikin wayoyin nan na litiyom yana da adadin cikawa da ƙarewar da yake iya ɗauka, kamfanin Apple ma da kansa ya ce batirin tsofaffin iPhone an yi shi ne ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa bayan caji cikakke sau 500, wanda in kullum kana cikawa kana ƙararwa ko shekara biyu ba za ka kai ba. Sannan zafin da ya haura digiri 35 yana cin batir, mu kuwa a Zariya watan Maris da Afirilu ana dosar 40, ga Yaya tana soka caji ta tura wayar ƙarƙashin filo don kada yara su ɗauka, ga cajar da aka saya a bakin titi ta ɗari biyar. Ai dole. Ya sa sabon batir, ya sa tsinke ya sakato ƙurar hunturu da zaren shadda da suka danƙare a bakin cajin, abin da na kashe duka har da kuɗin mota bai kai dubu bakwai ba.

Waya ta dawo garau. Yaya ta yi gaskiya ni na yi kuskure, kuma har yau in muka yi gardama sai ta tuna min. Abin da na koya a wannan karon shi ne akwai ciwon da yake na kayan sawa ne, batir, gilashi, bakin caji, sifika, duk ana cirewa a sa wani, kuma mutane da yawa suna jefar da waya mai rai saboda abin da dubu biyar zai gyara. Sai dai akwai wani ɗan abin haushi da ba wanda ya hango. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da gwamnati ke ba da ita wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, waya kuwa kusan duk daga waje ake shigo da ita, galibi daga China. Wato da ta ji maganata a lokacin da ta sayi sabuwa da araha sosai. Amma ba zan ce na fi ta hangen nesa ba, sa'a ce kawai, ni ma ban san za a yi haka ba.

Bayan shekara ɗaya da wani abu sai ciwo na biyu ya fito, shi kuma daban ne. Kullum saƙo a sama, memori ya cika. Wannan 32GB ɗin da ma ba duka ne naka ba, tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun cinye wani kaso, sauran kuma WhatsApp ya mamaye. Na zauna wata ranar Juma'a na duba, guruf na dangi, guruf na Islamiyya, na 'yan adashi, na tsofaffin ɗalibai, kowanne ana zuba bidiyon wa'azi da na biki da hotunan barka da Juma'a masu fulawa, bidiyo ɗaya na gan shi sau biyar don guruf biyar aka tura shi. Na kashe mata saukar da kaya da kansa, na goge abin da ta yarda a goge, wanda ba shi da yawa don duk hoton da na taɓa sai ta ce a'a wannan samfurin wane ne zai iya dawowa ya ce irinsa yake so. Na sayo memori kad na kwashe hotuna na zuba a ciki, na cire Facebook na sa mata Facebook Lite. An samu sauƙi na wata biyu ko uku, sai tsugune ba ta ƙare ba.

Don ainihin abin ba wurin ajiya ba ne, RAM ne, kuma na sha wahala kafin na fahimtar da ita bambancin. Na ce mata Yaya memori kamar sito ne da kike tara buhuna, RAM kuma faifan da kike tankaɗe a kai, ko sitonki ya kai girman kasuwar Sabon Gari in faifan ƙarami ne kaɗan-kaɗan za ki riƙa ɗiba. Manhajojin 2019 ba su ne na 2024 ba, duk sabuntawa sai sun ƙara nauyi, faifan kuwa yana nan 2GB ɗinsa, a manne yake da allon wayar ba a ƙara shi. Inda abin ya fi cin rai shi ne wajen tura kuɗi. Za ta buɗe manhajar banki, ta fita ta shiga WhatsApp ta kwafo lambar akawun ɗin mai zare, kafin ta dawo wayar ta riga ta rufe bankin don ta samu wurin buɗe WhatsApp, sai a sake sa lambar sirri daga farko, a jira, in an turo lambar tabbatarwa ta tes ta fita ta duba nan ma a sake komawa farko. Ƙarshe sai ta koma rubuta lambar akawun a bayan kwalin ashana ko a tafin hannu kafin ta fara. Aikin minti ɗaya ya zama na kwata, kuma a rana tana iya biyan mata biyar ko shida.

Na mayar da ita wajen mai gyara ko akwai dabara, ya ce zai iya yi mata filashin, wato ya goge komai ya sake zuba mata tsarinta, ta dawo kamar sabuwa, na ce daga nan fa, ya yi dariya ya ce daga nan in kun mayar da manhajojin za ta koma yadda take. Na ji daɗin gaskiyarsa, wani da ya karɓi kuɗin ya yi mana gyaran gangar Auzinawa.

A tsakanin nan ne aka yi asarar farko da za a iya ƙirgawa da naira. Gilashin kyamarar baya ya goge saboda shekaru a cikin jaka da makullai da almakashi, hoto yana fita da hazo-hazo. Wani mai kaya ya ce a nuna masa zaren da za a sa wa farar shadda, ta ɗauka ta tura, a hoton ya fito ruwan madara, ya ce a ci gaba, alhali zaren ya fi karkata ga ruwan zuma. Sai da aka yi kusan mako ana aiki aka kai masa ya gani da ido ya ce sam ba wannan ya zaɓa ba. Aka warware, Yaya ta biya matar da ta yi aikin daga aljihunta don ita ba ruwanta, ta sake sayen zare. Gilashin kyamarar nan da aka canza daga baya kuɗinsa bai kai kuɗin zaren ba ma. A nan laifin namu ne, mun saba da wayar har mun daina ganin lalacewarta, kamar yadda mai gida ba ya jin warin ɗakinsa.

Daga nan na fara matsa mata da gaske, ita kuma ta kafe. Hujjarta ba ta banza ba ce, ta ce wayar da za ta yi mata aiki yanzu ta haura dubu ɗari, ga kuɗin makarantar yara, ga buhun masara, ga data ma an ƙara mata kuɗi, don a watan Janairun 2025 ne hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince wa kamfanonin layi su yi ƙarin da ya kai kashi 50. Ta ce in dai tana kunnuwa tana kira to ba ta mutu ba. Ni kuma abin da nake gani shi ne ita tana lissafin kuɗin da zai fita a dunƙule ne kawai, wanda ke zurarewa kullum kaɗan-kaɗan ba ta sa shi a lissafi, kiran da ya wuce waya na hangin, mai kayan da ya gaji da jira ya kai wa wata, lokacin da take ɓatawa.

Sai azumin 2025, wanda ya kama a watan Maris cikin tsakiyar zafi, kuma duk wanda ya san Zazzau ya san lokacin nan ne kakar masu babbar riga, kowa yana son ya fito hawan Sallah da sabuwa. Abu biyu suka faru a mako ɗaya. Na farko manhajar bankinta ta ce sai an sabunta, aka je sabuntawa aka ce sabuwar ba ta dace da wannan wayar ba. Ban ga laifinsu sosai ba, an daɗe da daina aiko wa Android 9 gyaran tsaro, kuma banki ba zai so kuɗin mutane su zauna a gidan da ba a gyara katangarsa ba. WhatsApp shi yana da haƙuri, da ya yanke tsofaffin wayoyi a watan Oktoban 2023 waɗanda ke ƙasa da Android 5 ya yanke, to amma kowace manhaja da nata ƙa'idar. Ta koma tura kuɗi ta lambobin USSD, irin waɗanda ake dannawa da * da #, ana cire mata kusan naira 7 duk shiga, kuma ba ta iya turo wa mutane rasit su gani. Na biyun shi ya girgiza ta. Saura kwana goma Sallah, bayan sahur ta kunna waya, ta tsaya a kan tambarin kamfani ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ta kira ni da 'yar rakani-kashin maigidanta muryarta na rawa, "Auta kana ina, dan Allah ka zo, komai nawa yana ciki."

A hanya nake ta tunanin abin da ban taɓa dubawa ba, wato ko tana da ajiyar WhatsApp a Google Drive. Babu. Imel ɗin da ke kan wayar yaron shagon da aka saye ta ne ya buɗe mata a 2019, ba ta san sunan ba balle lambar sirri, kuma na tabbata rabin iyayenmu da yayyenmu haka suke. Mai gyara ya ce in aka yi filashin za ta tashi amma komai zai tafi, awo, bashi, lambobin da aka ajiye a kan waya ba a sim ba, kuma ma bayan an goge tana iya neman wancan imel ɗin kafin ta buɗe. Na ce kada ya taɓa. Ya cire memori kad ɗin, ya ɓalle batir ya mayar, ya bar ta a caji, ya yi ta gwadawa, sai washegari da la'asar ta ga dama ta tashi. Ya ce yana zargin ma'ajiyar cikinta ce ta fara gajiya, don ita ma tana da iyakar rubutu da gogewar da take ɗauka, kuma in ta sake yi ba ya ba da tabbacin za ta dawo. A daren nan bayan tarawi ban bar gidan ba sai da na buɗe mata sabon imel na rubuta sunan da lambar sirrin a takarda ta sa a cikin akwatin kayanta, na kwashe lambobi na tura can, na yi ajiyar WhatsApp ba tare da bidiyo ba don Google 15GB yake bayarwa kyauta kuma yanzu ajiyar WhatsApp a cikinsa ake ƙirga ta. Ita kuma ta ɗauko littafin makarantar ɗanta ta zauna tana sauraron muryoyi ɗaya bayan ɗaya tana rubuta awo da bashi har ƙarfe ɗaya.

Ba sai na sake cewa komai ba, da kanta ta ce bayan Sallah in kuɗi sun shigo a duba mata. Zaɓin da ke gabanmu ba su da yawa. Wayar bashi da ake biya duk mako mun ajiye ta gefe tun farko, don in ka tara abin da za ka biya ya fi kuɗin hannu nesa ba kusa ba, kuma in ka makara ana kulle ta daga can, ita kuwa sana'arta akwai watannin da ba a samun komai, musamman da damina. Landan yuz, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ni ta fi burge ni, za ka samu babbar waya mai kyamara ta gaske da kuɗin ƙaramar sabuwa, amma da na yi tunani sai na ga tsohuwa za mu sauke mu ɗauki wata tsohuwar, batirinta ya riga ya sha aiki, shekarun sabuntawarta sun kusa ƙarewa, ga tsoron kada ka sayi ta ƙwace ka kwana a caji ofis ba ka ci ba ba ka sha ba. Da wayar tawa ce da na iya yin kasadar, amma ba da jarin Yaya ba. Muka tsaya a sabuwa ta kwali.

Abin da na nace a kai kaɗan ne. RAM 4GB na gaske, don yanzu akwai wayon da ake yi a rubuta 8GB ɓaro-ɓaro a kwali, ka duba ƙasa da ƙananan baƙi ka ga 4+4, wato huɗun na biyu aro ne daga memori kuma bai kai na asali sauri ba. Memori 128GB, batir 5000mAh, bakin caji Type-C, Android ɗin da bai gaza 14 ba. Yaron shagon ya yi ta tura mu ga mai 5G, na ce masa tun 2022 aka fara 5G a ƙasar nan amma Yaya hoto da murya take turawa, 4G ya ishe ta. Na kuma tambayi shekara nawa kamfani zai yi yana aiko sabuntawa, tambayar da ba kowa ke yi ba alhali ita ce ta kashe tsohuwar, Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara 7 ga Pixel 8 da Galaxy S24, waɗannan kam ba namu ba ne, amma ko a ƙananan ana samun bambanci, Galaxy A16 shekara 6 aka ce. Kyamara kuwa ba mu kalli lambar da aka rubuta ba, Yaya ta zo da zare kala uku a jaka muka ɗauki hotonsu a ƙofar shago muka zaɓi wadda ta fito da ruwan zuma a ruwan zumarsa. Na danna *#06# na gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali, muka karɓi rasit. Kwasar adashinta da ribar Sallah da ɗan abin da maigidanta ya cika suka biya.

Ni a ganina ta makara da kusan shekara guda, tun ranar da ta fara rubuta lambar akawun a tafin hannu ya kamata a ce ta fara tara kuɗin, don daga nan duk abin da ya biyo baya ba na mai gyara ba ne. Ita har yanzu cewa take ba ta makara ba, ta ci moriyar kuɗin maigidanta har ƙarshe kuma ba ta rasa ko lamba ɗaya ba, in na ce saura ƙiris fa ta rasa duka sai ta ce ai ba ta rasa ba.

Tsohuwar mun so mu ba da ita a yi mana ragi, kuɗin da aka taya bai kai na batirin da na sa mata ba, Yaya ta ce a dawo mata da abarta. Na cire imel na goge komai, na zuba karatun Alƙur'ani a memori kad ɗin, yanzu tana kan taga a ɗakin yara ba sim a ciki, da ita suke bitar hadda kafin su tafi Islamiyya. Sau biyu ta sake tsayawa a kan tambari, yaran sun gano in suka bar ta ta kwana tana tashi da kanta.